Haƙoran Bango

Baba Magini ya ɗora bulo, ya buga shi da gindin cokalin gini, ya miƙa hannu a ba shi wani tun bai duba zaman na farkon ba. Ba haka yake aiki ba. Amma motar da za ta mayar da su gida da rana za ta tashi, bangon ɗakin haihuwar da yake ginawa kuwa bai kai linta ba, wato saman ƙofa.

"Baba, sauko ka sha ruwa," in ji 'yarsa daga ƙasa.

"Uwata, miƙo bulo. Da ruwa na zo sha, ai akwai randa a gida."

Ita ta jawo shi wannan tafiya. Nas ce. A waya ta ga wata ƙungiya tana neman masu aikin sa kai a maƙwabciyar ƙasa, inda ambaliya ta kwashe rabin asibitin wani ƙauye. Ba a biyan kowa. Kai za ka kai kanka, su ba ka katifa da abinci, ka yi iya yinka, ka tafi, wasu su zo. Ta daidaita hutunta da nasa, suka bi mota, don jirgi ya fi ƙarfinsu. Shi da bai taɓa riƙe fasfo ba, a kan iyaka sai da ya goge hannu a jikin riga kafin ya karɓi nasa daga jami'i.

Tun yana saurayi bai taɓa juya wa gini baya ba sai an ɗora rufi. Da wannan aka san shi, da shi yake cika baki. Sai ga ruwan sama ya cinye musu rabin hutun. Jibi kuma dole Uwata ta kama aiki, shi ma kamfani ba zai jira shi ba.

Don haka tun safe yake jera sahu kan sahu, kwaɓin sahun ƙasa bai kama ba ya ɗora na sama. Bangon yana tashi. Ungozomar asibitin, wata doguwar tsohuwa da ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, ta zo ta tsaya tana tafi. Ta shiga ɗakin da ba rufi, ta ja layi a ƙasa da ƙafarta: nan gado zai zauna, jikin bangon.

Ya sauko zai matsar da tsani. Ya kanne ido ɗaya ya bi bangon da kallo, yadda ya saba, sai ya tsaya.

Bangon ya yi ciki.

Kaɗan ne. In aka shafe shi da filasta, ko mai ginin sai ya nema. Zai tsaya bana, wataƙila da baɗi. Ya dubi layin da tsohuwar ta ja a ƙasa. Ya mayar da tsanin inda yake, ya hau, ya sa cokali a ƙarƙashin bulon ƙarshe ya ɗaga shi.

"Baba! Lafiya?"

"Karɓi."

"Rushewa kake yi? Mota fa ta kusa!"

"Na ce karɓi, Uwata. A hankali, kar ki fasa musu."

Ungozoma ta ɗora hannu a ka, ta shiga zuba magana. Ba sai an fassara ba. Baba Magini ya ɗauko miƙaƙƙen katako ya jingina a bangon, ya yafito ta. Sama da ƙasa haske yana wucewa, tsakiya ne kawai ya taɓa. Ta duba, ta sake dubawa. Ta yi tsaki, ta gyara ɗaurin zane, ta tsaya bayan Uwata tana karɓar bulo.

Duk aikin safiyar ya sauke. Kowane bulo sai ya kankare masa siminti kafin ya miƙa. Da ya iso sahun da ya yarda da shi, bai daidaita bakin bangon ba. Ya bar shi hawa-hawa, wani bulon ya fito, wani ya shige. Magina haƙora suke ce masa: nan sabon gini zai kama tsoho su zama ɗaya.

Direba ya danna hon a bakin ƙofa.

"To, Baba, sannu da aiki," in ji Uwata tana kaɗe siminti daga hijabinta. "Mun ƙetare iyaka mun zo mun rage wa mutane bango."

"Ke da allurarki wa ya san inda ta shiga? Ni nawa a fili yake."

Ta yi dariya, amma ya ga yadda take kallonsa. Ya kau da kai.

Ya wanke cokalinsa ya jefa a jaka. Sannan ya zaro igiyar gininsa, ya kafa ƙusa a wannan kusurwa, ya kafa a waccan, ya ja ta ta miƙe sak daidai inda sahu na gaba zai hau. Ya ɗaga wa ungozoma hannu, ta dafa ƙirji. Ya nufi mota.

"Baba, ka manta igiyarka."

"Bar ta nan," ya ce, yana saka ƙafa a mota. "Ban sani ba ko mai zuwa yana da ido."