Jirgin da Gogo Nambewe Take Jira

Da jan fenti aka zana gicciye a ƙofar ɗakin, har yana ɗiga kamar an yanka kaza. Gogo Nambewe tana tsugune tana tuƙa sadza, tuwonsu na masara, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Gogo, kina jina?" in ji Kansila Mhizha, yana kaɗa makullin mota. "An sayar da tashar nan. Kafin ƙarshen wata ku tattara ku koma gida."

"Wane gidan, ɗan nan?"

"Malawi mana. Ai ku baƙi ne."

Baƙi! A ɗakin nan na bayan tashar jirgin ƙasa ta Chirombe aka yanke mata cibiya, ga shi yanzu furfura ta gama cinye kanta. A buɗaɗɗen tarago aka kawo ubanta daga Malawi, lokacin da ba kowa a nan sai kuraye, shi da ire-irensa suka shimfiɗa dogo. Tashar ce ta haifi kasuwa, kasuwa ta haifi gari. Kakan kansilan nan ma dafaffen ƙwai yake miƙa wa fasinjoji ta taga. Amma da uban nata ya mutu, gari ya hana shi maƙabarta, sai a bayan tankin ruwan jirgi aka binne shi.

Daga baya jirgi ya ɗauke ƙafa. Dogon kuwa da rana tsaka aka riƙa kwance shi ana lodawa a babbar motar da kowa ya san mai ita, kowa kuma ya yi gum.

*

"Mama, mu koma wajen ƙanwar matata," in ji ɗanta Fanuel da safe. "Faɗan da ya fi ƙarfinka, sai ka mai da shi wasa."

"Na gama wasa tun kafin in haife ka. Kakan naka fa, a aljihu za ka sa shi?"

Fanuel ya sunkuyar da kai. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma haka. Tun yana yaro ake kiransa baƙo, har ya yarda.

*

Ranar da wa'adi ya cika, kansila ya iso ya tarar da rabin kasuwa a tashar. Gogo na zaune a tsohon bencin fasinjoji, ta sha farar rigarta ta zuwa coci, ga ƙulli a cinya.

"Yawwa Gogo, haka ake so," ya ce yana murmushi. "Ga mota, a kai ki bakin titi."

"A'a, jikan mai ƙwai. A jirgi aka kawo mu, a jirgi za mu koma." Ta nuna masa inda dogo yake a da, ciyawa ta rufe. "Je ka dawo da ƙarfen da motarka ta kwashe. Ran da jirgi ya tsaya a nan, ni ce ta farko a ciki."

Wata mai tumatir ta tuntsire da dariya, saura suka kama. Kansila ya shige mota ya doko ƙofa.

Gogo ta san zai dawo, kuma ba shi kaɗai ba. Ta kwance ƙullin. Babu ko ɗankwali a ciki, irin masara ne. Ta tuɓe takalmi, ta sauka kan hanyar jirgin, tana haƙa da dunduniya tana jefa ƙwaya uku-uku, ta nufi wajen tankin ruwa.