Muryar Malama Falmata

Rhoda tana aiki a wani ƙaramin situdiyo a Moduganari, inda ake shirya wasan kwaikwayo na rediyo. Ita ke fitowa a Malama Falmata, mai kira a sa yara makaranta, a shekarun da ake kashe mutum kan wannan maganar.

Wata rana da azahar ta shiga keke napep, ta ce wa direba a Bolori za ta sauka. Mutumin da ke gefenta ya juyo ya ƙura mata ido.

“Na san muryar nan,” in ji shi. “Ke ce Falmata, ko?”

Bai yi dariya ba. Ta sauka tun ba a kai ba.

Washegari ta ce wa Malam Hashim, shugabansu, ta bar aikin. A situdiyon ba a yanke magana sai kowa ya zauna, don haka ya tara ma'aikatan.

“Ba wanda zai riƙe ki, ƙanwata,” in ji shi. “Ni ma tsoron nake ji.”

Ishmael mai haɗa sauti ya ce zai sauya muryarta da na'ura. Sauran suka ce kullum wani zai raka ta gida.

Bayan 'yan kwanaki ta dawo. Ta ɗauki takardar wasan ta karanta har ƙarshe. Amma a cikin keke ba ta ƙara buɗe baki ba, da hannu take nuna inda za ta sauka.