Audugar Fatu

Shekarar da Atiku ya gama makarantar Midil ta Sakkwato, ya komo Sabon Birni da akwatin ƙarfe, da littattafai huɗu, da wani irin kallo da yake yi wa mutane kamar sun taka masa tabarma da takalmi. Ba ya son yawan magana. In an gaishe shi sai ya ɗaga gira. In an nemi ra'ayinsa sai ya ce zancen yana da tsawo. Shi a ganinsa zurfin tunani ke nan. Goggo Maryamu kuwa, ƙanwar ubansa da ta rene shi, ta ɗauka yunwa ce, sai ta riƙa ƙara masa tuwo.

Abu ɗaya yake jira. An aiko masa da takarda cewa an zaɓe shi cikin waɗanda za a koya wa aikin waya, amma sai likita ya duba shi tukuna. Likitan, wani Bature ne, zai biyo rangadi ta garin Isa bayan mako huɗu. Takardar ta lissafa abin da za a duba: ƙirji, da ido, da kunne. An ja layi ƙarƙashin kunne, don mai aikin waya da kunnensa yake cin abinci. Atiku ya karanta wurin ya yi murmushi. Shi da yake jin motsin ɓera a rumbun maƙwabta.

Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, sai makaɗan kokawa suka sauka garin. Ubangidansu Yari ne, mutumin Unguwar Lalle, da gangunansa biyar, babbar cikinsu sai mutum biyu ke ɗaga ta. Atiku ya shaida wa Goggo cewa shi ya wuce kallon ƙarti suna kayar da juna cikin rairayi. Da la'asar ya maƙala littafi a hammata ya tafi filin, wai don ya ga yadda jahilci ke tara jama'a.

Abin da ya gani shi ne Fatu, ɗiyar Yari. Tana zaune bayan makaɗa da faifan dafaffiyar gujiya a gabanta, ta ja kallabi ya rufe mata kunnuwa har wuya. Atiku ya auna filin da ido irin na wanda ya yi lissafi a makaranta, ya gano wuri ɗaya ne kawai za ta iya ganinsa ba tare da kan wani ya tare ba: gindin turken da aka jingina babbar ganga. Babu kowa a wurin. Bai tambayi kansa dalili ba.

Ya jingina da turken, ya buɗe littafi. Yari ya ɗaga makaɗi ya sauke. Bugun farko Atiku ya ji shi cikin haƙoransa. Na biyu ya sauka masa a mara. Kunnensa na dama bai fi kamu biyu da fatar gangar ba, hankali kuma ya ce masa ya sa yatsa ya toshe, amma mutumin da ya yi Midil ba ya tsayawa gaban yarinya da yatsa a kunne. Ya ci gaba da kallon shafi ɗaya har rana ta yi ja.

Ana cikin haka Fatu ta taso. Ta zo har gabansa, ta miƙo masa ɗan curin auduga fara tas, bakinta yana motsi, ba ya jin komai sai ganga. Ta nuna gefen kanta da yatsa sau biyu, ta koma wurin gujiyarta.

Atiku ya dubi audugar. Ya fahimci komai nan take. Fari, zuciya mai tsabta ke nan. Auduga, daga ita ake samun zare, daga zare ake samun zanen aure. Nuna kai da yatsa kuwa ko yaro ya san ma'anarsa: kana raina. Ya sa curin a tsakiyar littafi, ya rufe a hankali, ya gyara tsayuwa ya ƙara matsawa jikin gangar.

Kwana uku aka yi ana kokawa, kwana uku yana gindin turken. Rana ta huɗu makaɗa suka naɗe kayansu suka yi gaba, garin ya yi tsit, ban da kunnen Atiku na dama. Wani siririn kuka ya zauna a ciki, kamar gyare ya samu rami. Ya girgiza kai, ya haɗiye miyau, ya yi hamma da gangan, kukan yana nan. Ya je gulbi ya yi ta nutso don ruwa ya wanke shi, ruwan ya shiga bai fito ba. Ya samo gashin kaza ya yi ta sakace. Gyaren bai ko motsa ba.

Goggo ta lura da yadda yake karkata kai in tana magana. Da ya faɗa mata, sai ta tambaye shi wane kunne.

"Na dama."

"To alheri na, ɗana. Wani na ka ambatonka da alheri. Da na hagu na, da sai mu ce zagi."

Atiku ya ajiye ludayin furarsa ya yi mata lacca. Ya gaya mata akwai wata fata cikin kunne, da ƙasusuwa uku ƙanana, ya zana mata su a ƙasa da tsinke. Ya ce irin wannan camfi ne ya hana ƙasar ci gaba. Goggo ta saurare shi har ƙarshe, ta share zanen da ƙafa don kada kaji su ɗauka hatsi ne, ta ce duk da haka bari ta ɗumama man shanu ta ɗiga masa.

Ya ƙi. Ya shiga ɗaki ya saki asabari, ya kwanta rigingine, ya fito da audugar ya ɗora a ƙirji. Camfi ne, babu shakka. Amma mutum mai ilimi ba ya watsar da magana sai ya gwada ta.

Sai ya shiga gwaji. Ya ware shafi a bayan littafin rubutunsa, yana rubuta lokacin da kukan ke ƙaruwa. Da hantsi yana ƙarfi: tana bakin rijiya ke nan, tana ba ƙawayenta labarinsa. Da azahar yana raguwa: barci ya ɗauke ta, baiwar Allah. Bayan la'asar yana tashi har ya rufe kiran salla: lokacin da suka fara ganin juna ke nan, dole abin ya motsa mata. Cikin mako ɗaya ya san zaman Fatu da tashinta fiye da uwar da ta haife ta, alhali ko muryarta bai taɓa ji ba.

Mako na biyu zafi ya shigo. Ya fara da suka kaɗan-kaɗan, ya koma kamar ana murza tsinke mai wuta. Atiku ya rubuta cewa begen ya tsananta. Mako na uku ya tashi da safe ya tarar da wani ruwa rawaya-rawaya a matashinsa, mai wari. Ya daɗe yana kallonsa yana neman fassara, bai samu wadda ta dace ba, sai ya juya matashin.

Goggo ba ta ƙara zancen ambato ba. Ta ce ta janye maganarta, ba mai son mutum da zai ambace shi har kunnensa ya ruɓe. Ta roƙe shi ya je ɗakin shan magani tun da sauran kwanaki. Ya ce mata ya san abin da yake yi. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji: in aka wanke kunnen kukan ya ɗauke, da me zai san ko tana nan tana tuna shi?

Ya ari keke ya kama hanyar Isa ana gobe likita zai zauna. Rairayin hanya ya fi son ƙafa da keke, rabin tafiyar shi ya tura ta. Duk ramin da ya faɗa sai ya ji shi cikin kunne.

Malam Jibrilla, malamin asibitin Isa, dattijo ne mai ƙaramin gemu da ya yi aikin jinya tare da soja a yaƙin Bama. Shi ke rubuta sunayen waɗanda likita zai duba. Ya kira Atiku sau biyu daga dama bai waiwayo ba. Ya zagayo, ya kama masa kunne ya juya shi wajen haske, ya leƙa, ya ja baya yana toshe hanci. Ya tambayi tun yaushe. Atiku ya ce kwana biyu. Malam Jibrilla ya ce shi ma jiya aka haife shi.

Ya wanke kunnen da ruwan ɗumi, ya ɗiga wani magani mai ɗaci har maƙogwaro, ya cusa auduga. Ya ce mugunyar za ta ƙafe in an bi magani, kumburin zai saɓe. Da an zo da wuri da yanzu an manta. Kukan kuwa ba na mugunya ba ne kaɗai, wannan aikin ƙara ne, ya gan shi wurin masu harba igwa. Wani yakan rabu da shi, wani yakan tsufa da shi.

"Gobe fa, Malam?"

"Gobe ta Allah ce, samari. Amma agogon Bature ba shi jin roƙo."

Washegari da hantsi su shida suka yi layi a baranda. Ƙirjin Atiku lafiya. Idonsa ya karanta har layin ƙarshe na allon, ya ƙara da sunan kamfanin da ya buga shi, don likita ya san da wa yake magana. Sai aka zaunar da shi a kujera, aka ce ya rufe ido, ya toshe kunne ɗaya da yatsa. Likita zai riƙe agogon aljihu yana ja da baya, shi kuma ya riƙa cewa yana ji har inda ya daina.

Na hagu ya ji har bakin ƙofa. Aka cire audugar na dama.

Babu agogo. Gyare ne kawai, shi da gidansa. Atiku ya yi lissafi da sauri: in na hagu ya kai ƙofa, taku bakwai ke nan. Ya fara amsawa da Turanci mai kyau, yana barin ɗan lokaci tsakani. Yana ji. Yana ji. Har yanzu yana ji. A amsa ta biyar ya ji wani daga baranda ya tuntsire da dariya. Ya buɗe ido. Likita yana zaune a teburinsa yana rubutu, agogon yana cikin aljihu tun ɗazu.

Baturen bai yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya ce ta bakin Malam Jibrilla, ko da yake Atiku ya ji Turancin sarai da kunnen hagu, bana dai babu zancen waya. In baɗi ya biyo rangadi kunnen ya warke, a sake kawo shi. Kafin nan ya kula da wanda ya rage masa.

Ya fito ya ɗauki keken aron, bai hau ba. Ya bi ta kasuwa yana turawa, littafinsa ɗaure a bayan sirdi. A bakin wani fili ya ga ana kafa turke, mutum biyu suna sauke babbar ganga daga kan raƙumi. Yawon kaka ya kawo su Yari garin Isa. Ga Fatu nan ƙarƙashin bedi tana shirya faifanta, kallabin a kafaɗa tunda ba a fara kiɗa ba.

Ita ta fara gane shi. Ta dube shi, ta dubi audugar da ke kunnensa, ta sa bayan hannu ta rufe baki. Ya tsaya, ya juya mata gefen hagu. Muryarta ba irin wadda ya yi mako uku yana ji ba ce. Ta fi kauri, kuma akwai dariya a ciki.

"Malam mai littahi. Ashe kana ji?"

Ya ce yana ji, da sauƙi.

"Wallahi mun aza kurma na. Baba yac ce shekara talatin shina kiɗi, bai taɓa ganin mai lahiya ya tsaya nan ba. Ni nic ce a'a, wauta ta dai. Har yau ba mu gama gardama ba."

Atiku ya tambaya, a hankali, ko sun riƙa zancensa ke nan.

Ta ce kullum. Da hantsi in ana ɗaure kaya, da la'asar in an kafa turke, duk garin da suka sauka sai wani ya je ya jingina ya buɗe tafin hannu kamar littafi, a yi ta dariya. Har yaran gidan sun iya ɗaga girar.

Ya tsaya yana kallon ƙasa. Hantsi da la'asar. Lissafinsa bai kuskure ba ko kaɗan, Goggo ce kawai ta rikita dama da hagu.

"To audugar da nib ba ka fa? Mi kay yi da ita?"

Ta ciro wasu curi biyu daga bakin zanenta, ta cusa a kunnuwanta, ɗaya nan ɗaya nan, ta ja kallabi ta rufe, ta ɗaure a wuya, duk a gabansa, a hankali, yadda ake nuna wa yaro. Can Yari ya gwada fatar gangar da yatsa, ta amsa da wani gurnani da Atiku ya ji a mara.

Ya kwance littafin daga bayan sirdi ya buɗe tsakiya. Audugar tana nan, ta baje kamar an yi mata guga, har tawadar shafin ta ɗan hau kanta. Ya murza ta tsakanin yatsu ta koma curi. Ya dube ta ɗan lokaci, sannan ya cusa ta a kunnen hagu, ya danna sosai.

Hayaniyar kasuwar Isa ta ɗauke baki ɗaya. Ya ga Yari ya ɗaga makaɗi, ya ga bakin Fatu yana motsi, wannan karon bai nemi fassara ba. Ya juya keken ya nufi ɗakin shan magani don karɓar ɗigon maganin la'asar wurin Malam Jibrilla, daga shi sai gyarensa.