Janar Mai Hanci Bakwai

Masu badujala har sun fara gwada ƙahonninsu a dandali, magajin gari ya iso, amma gunkin Janar Hatherell ba shi da hanci.

Nuala Tierney, mai sassaƙar dutsen da aka ba aikin haɗa shi, tana saman tsani a bayan labule, da guga a hannu. Hanci bakwai ne a cikin gugan.

Sanarwa ce ta jawo. Shekara sittin da suka wuce, ranar da bam ya tashi da gunkin, kowa a birnin nan sai da ya tsinci guntu ya kai gida. Masu cewa Janar ɗan gari ne da ya yi suna a sojan Ingila sun ɗauka don ƙauna. Masu cewa karen Ingila ne sun ɗauka don daɗi. Da aka ce bana kowa ya dawo da nasa a sake tsayar da shi, alamar an shirya, abin da aka tara ya isa Janar biyu da doki ɗaya da rabi.

Ta gwada biyar ta jefar. Saura biyu, ɗaya na mahaifinta ne.

"Ke Nuala, manne shi mana," in ji mahaifinta daga ƙasa. "Ko sai na mutu?"

Tsoho Fintan yana kan keken guragu, cikin kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. Kowa ya san labarinsa: yadda ya haye ɓaraguzan, 'yan sanda na binsa, ya ɓalle hancin da dunduniyar takalmi. Tun rasuwar matarsa, labarin nan kaɗai ke fitar da shi daga gida zuwa mashaya, inda har yau ake tashi a ba shi wuri.

A gefensa Hazel Bagnall ce tsaye da lema. Ubanta ne mai kula da cocin 'yan Furotesta a wancan lokaci, kuma ita ta kawo ɗaya hancin, naɗe a hankici.

"Fintan, shekara sittin kana shan giyar banza a kan tsakuwa," in ji ta.

"Ku dai kun saba share wa Ingila hanci, Hazel. Ba mamaki kin ajiye ɗaya."

Nuala ta ɗora na Hazel. Ya zauna daram, ko gashi ba zai ratsa ba: dogo, lanƙwasasshe, kamar bakin gatari. Ta cire, ta ɗora na mahaifinta. Ɗan mitsitsi ne mai kallon sama. Ba ta da shakka daga fuskar wani gunkin jariri na maƙabarta aka ɓallo shi.

Ta sauko, ta ja tsohuwar gefe.

"Gwaggo Hazel…"

"Nawa ne ya zauna. Na ga fuskarki."

"In na manna naki, daga yau babana ya zama abin dariya. Ba zai ƙara leƙa waje ba."

Hazel ta dubi Fintan, wanda ke faman gyara wuyan kwat. Ta miƙo tafin hannu.

"Ba ni abuna. Falona ya yi mini fili tunda na rabu da shi. Kuma ai wata rana za ku sake sa masa bam, na san halinku. Gara na gaskiyar yana gida."

Ta nannaɗe shi, ta jefa a jaka tare da maganin hawan jininta.

Nuala ta koma sama, ta kwaɓa siminti, ta manna na mahaifinta.

Magajin gari ya yi dogon jawabi a kan gaskiya, da yadda al'umma biyu suka daina ɓoye wa juna komai. Aka ja labule. Ga Janar a kan doki, takobi a sama, da fuskar yaron da aka hana alewa.  Sai wani daga 'yan mashaya ya kira sunan Fintan, tafi ya ɓarke. Tsohon ya cire hula yana kuka.

"Kin gani, Hazel?"

"Na gani, Fintan. Kamarsa sak."

Nuala ta sauke numfashi, ta fara tattara kayan aiki.

Wata tasi ta tsaya a bakin dandali. Doguwar mace ta fito, rungume da wani babban hoton Janar mai firam, ta ratsa mutane har gindin doki. Ta daɗe tana kallon sama.

"Daga Ingila nake," in ji ta a tsanake. "Kakan kakana ne wannan. Wa ya yi aikin fuskar?"

 Duk dandalin hancinta yake kallo: dogo, lanƙwasasshe, kamar bakin gatari.