Madubin da Baba Ya Je Saye

Tun ranar da Baba ya bindige karensa yana zaton gada ce, ba wanda ya sake ganin haƙoran Baba a gidan. A wurinsa laifin tsohon madubin hangen nesansa ne. Sai ya sa babbar 'yarsa ta rufe shagon ɗinkinta, ta kai shi kantin kayan farauta.

Mai kanti ya jera masu tsadar a kan kanta yana zuba yabo: wannan ruwa ba ya shigarsa, wancan har nisan abin da ka saita yake nunawa.

"Ni ba surutu na zo saye ba," in ji Baba. Ya fizgi ɗaya, ya fita bakin ƙofa, ya saita tankin ruwan da ke kan wani bene can ƙarshen titi. Ya murza, ya sake murzawa. Dishi-dishi kawai.

"Wannan na wasan yara ne. Kawo wani."

Na biyu ya yi masa nauyi. Na gaba kuwa ya kama goge gilashin madubin da bakin riga.

"Haba Baba, za ka karce shi!" in ji mai kanti.

"Ya karce mana! Kun tara tarkace kuna cutar mutane."

Mai kanti ya haɗe rai. "Wallahi ba ni da wanda ya fi wannan. Ba wa 'yarka ta duba."

Ta ɗora a ido. "Ga tantabaru a kan tankin," ta ce a hankali. "Ɗaya har da zare a ƙafarta." Ta sauke madubin, ta ƙura wa idon uban ido. Baba ya kau da kai. Ya san farin abin da take kallo, kullum yana ganinsa in ya zo aske gemu.

"Baba, yanar ido gare ka. Ka sani?"

"Na sani mana! Sai me?"

"Ka sani, ka ɗauki bindiga ka shiga daji, mijina yana tafe a gabanka?" Muryarta ta cika kantin.

"Ke! Ina harbi tun kafin a haife ki."

"Wannan karon kare ne, Baba. Gobe fa?" Ta dangwarar da madubin a kan kanta. "Ba ma saye. Asibitin ido za mu."

Baba ya ƙi shiga motarta. Ya taka da ƙafa har gida, zuciyarsa na tafasa, yana ta tsaki. Ko da ya isa, ta riga ta buga wa mahaifiyarta waya, an kulle bindigar, an ɓoye makullin. Ya yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo.

Ranar ganin likita, kujerar bayan motarta ya shiga. Har suka isa asibitin, taga yake kallo.