Riƙo na Huɗu

Kaka ta ƙulle gutsattsarin farantin a bakin mayafinta, ta tasa jikarta a gaba har ɗakin da ake koya musu Turanci, a bayan shagon mai gyaran rediyo. Farantin tangaran ne na marigayiya 'yarta, uwar yarinyar, shi kaɗai ya rage cikin kayan ɗakinta. Jiya Kaka ta ji yarinyar tana ƙunƙuni da Turanci a ɗaki, sai kuma ƙarar fashewa. Da ta tambaya, wai Malam ne ya ce su riƙa gwadawa a gida. To, yau Malam zai maimaita da bakinsa, kuma darasi ya ƙare. Jarrabawar shiga makarantar jinya, duk wadda ta ga dama ta je ta rubuta, ban da jikarta.

Yarinyar, wadda duk layin ke kira Shiru-shiru, tana tafe a gaba, kanta a ƙasa.

Kaka ta faɗa ɗakin ko sallamar kirki babu. Benci uku ne, da allon da fentinsa ya koɗe, da fanka mai juyi kamar an yi mata dole. Ta zazzage gutsattsarin a teburin Malam, wani siriri mai tabarau ɗaure da zare, ta tambaye shi ko boko yake koyarwa ko fasa kayan marayu.

Malam ya miƙe, ya gaishe ta, ya ba da haƙuri. Ya ce a jarrabawar ana ba su jimla da gurbi a tsakiya, a jera kalmomi huɗu a ƙasa, alhali a ƙamus duk huɗun "riƙe" suke nufi. Hadda ba ta raba su. Shi ya sa yake sa yara su aikata kowace da hannu, don in kai ya manta hannu ya tuna.

"Hannun da ya tuna ɗin ne ya fasa min faranti," in ji Kaka.

"Iya, ki zauna ki ga tambaya ɗaya. In ba ki gamsu ba, ki tafi da ita."

Ta zauna a bakin benci, don gwiwarta ce ta nemi zama, ba don shi ba.

Ya miƙa wa Shiru-shiru kofin roba, ya faɗi kalma ta farko. Ta riƙe shi sakaka, kamar mai jiran a zuba mata ruwa. Ya faɗi ta biyu, ta damƙe shi har jijiyoyin hannunta suka fito. Ta uku, ta kai masa cafka kamar zai faɗi. Kaka ta gyara zama. Yarinyar da ko aike ba ta iya maimaitawa, ga ta ana yi mata yaren wasu mutane, jikinta yana amsawa.

Da ya faɗi ta huɗu, yarinyar ta tsaya. Ta ajiye kofin, ta tako wurin Kaka, ta kama wuyan hannunta da hannu biyu, ta manna shi a ƙirjinta.

Kaka ta san wannan riƙon. Haka ta riƙe yarinyar nan a barandar asibiti ranar da aka ja wa uwarta mayafi, har yatsunta suka yi shaida a fatar. Ba ta taɓa ba wa kowa labarin ba.

Malam ya ce daidai ne, wannan kalmar ta mai tsoron rabuwa da abu ce. Kaka ta bi baƙaƙen da ke allon da ido. Ashe wasu mutane can, da ba su san ta ba, ba su san 'yarta ba, sun zauna sun raɗa wa wannan abin suna nasa shi kaɗai.

"Ita nake gwadawa jiya, Kaka," yarinyar ta ce a hankali. "Da kofi ba ta fitowa. Sai da farantin Mama. Shi ne ya suɓuce min."

Kaka ta tura gutsattsarin gaban Malam, ta ce ya nemo gam ya haɗa mata abinta, tunda shi ya jawo, kuma kada ta ga ɓaraka. Ta dubi jikarta ta ce ta wuce bencinta, me take jira.

Kaka kuwa ba ta tashi ba.

"Kai, mai tabarau, sake faɗar ta huɗun nan. A hankali, yadda zan kama."