Shirun da Garib Ya Roƙo

Garib ya riƙe hannun mai tallan gas kafin ƙarfen ya sake sauka a kan tukunyar.

"Ragab, don girman Allah, yau kaɗai. Daga azahar zuwa la'asar kada ka buga wannan abin a layinmu."

Ragab ya dire ƙafa ɗaya daga kan kekensa, ya dube shi sama da ƙasa. "To in ban buga ba, Abu Nadir, yaya matan za su san na zo? In bi su gida-gida ina raɗa?"

"Nadir ne zai yi jarrabawa. A sama, a ɗakinsa."

"A ɗakin kwana? Ikon Allah. Mu a zamaninmu sai mutum ya yi wanka ya tafi makaranta sannan ya faɗi."

"Kai, faɗi alheri!"

"Na faɗa, na faɗa. Allah ya ba injiniya sa'a." Ya soke ƙarfen a ƙugu ya taka kekensa. "In ya ci, gugar rigar Juma'ata kyauta ce."

Garib bai yi dariya ba. Ya tsaya har keken ya sha kwana, sannan ya koma ya kashe dutsen guga ya ja ƙofar shago. Tun da ya gaji shagon gugar nan daga mahaifinsa a garin Bilbes na ƙasar Masar, bai taɓa rufe shi da rana tsaka ba sai in jana'iza aka yi.

Nadir ne ɗansa namiji tilo. Ya gama makarantar fasaha, ya dawo gida ya zauna. Zaman ya yi tsawo har maƙwabta suka daina tambaya. Ana nan sai wani otal a Gardaka, garin masu yawon buɗe ido na bakin teku, ya nemi wanda zai kula musu da intanet marar waya, wanda baƙi ke kamawa a ɗakuna da bakin ruwa. Sun ga yaron sun yaba, amma suka ce sai ya kawo takardar shaidar cin jarrabawar matakin farko ta wannan aiki kafin wata ya mutu. Ɗaya hanyar kuwa kullum tana zaune a gidan shayin bakin titi, cikin rigar fata ko ana zafi. Hilmi ke nan, mutumin da ke haɗa samari da masu jiragen ruwa ta Libiya zuwa Italiya. Wa'il, abokin Nadir, ya riga ya ba da sunansa. Nadir kuma bai ɓoye wa ubansa komai ba.

"In na ci, Gardaka," ya ce masa. "In ban ci ba, Baba, kada ka tambaye ni."

Garib firamare kawai ya yi, ba ya karanta Turanci, amma shi ya zama mai yi wa ɗansa bita. Nadir ya rubuta masa tambayoyin da haruffan Larabci a kan kwalayen da ake sa wa wuyan riga, yana guga yana tambaya, yaron na zaune a kan tarin kayan mutane yana amsawa. A haka Garib ya san cewa na'urorin rarraba intanet suna magana ne a kan hanyoyi masu lamba, kuma uku ne ba sa taka juna: ɗaya, shida, sha ɗaya. Ya san bangon siminti yana cinye musu ƙarfi, ruwa ma haka, har jikin mutum.

"Kai ma in ka tsaya a gabanta rage mata ƙarfi kake yi, Baba," in ji Nadir wata rana. "Balle da wannan tumbin."

Wurin zaman jarrabawar a Alkahira ya cika sai wata mai zuwa, saboda haka a gida za a yi. Wani mutum a wata ƙasa zai zuba wa Nadir ido ta kwamfuta, ya kuma kasa kunne. Ba mai shiga ɗakin, ba mai magana, shi ma ba zai tashi ba, ba zai buɗe baki ba. 'Yan kunnen uwarsa ne suka biya kuɗin. Nadir ya zaɓi tsakanin azahar da la'asar don kada kiran salla ya faɗo a ciki. Sauran hayaniyar layin, Garib ya ce a bar masa.

Tun safe yake bin ta ɗaya bayan ɗaya. Mai walda ya yarda bayan ya gama mita. Mai wankin motoci ya ce zai tafi cin abinci da wuri. Ummu Tamir ya bari zuwa ƙarshe, domin ita ce ba ya son haɗa ido da ita. A benen da ke samansu take, keken ɗinkinta yana girgiza rufin ɗakin Nadir daga safe har magariba. Ɗanta Tamir ya bi hanyar Hilmi shekarun baya. Ya kira ta daga bakin teku ya ce sun kusa tashi, daga nan ba a sake jin duriyarsa ba.

Ta saurari Garib ƙafarta na kan keken.

"Zan rufe," ta ce. "Ko numfashi ka ce in daina zan daina."

"Allah ya saka, Ummu Tamir. Allah ya kawo miki labari mai daɗi."

"Amin." Ta cire tabarau ta dube shi. "Abu Nadir, in bai ci ba ka karya masa ƙafa. Ba wasa nake ba. Ka samu itace ka karya ta. Zai tsane ka, amma za ka riƙa ganinsa."

Garib ya sauko. A ƙofar gida ya tarar da matarsa Sabah ta yafa mayafi, 'yarsu na riƙe da ƙunshin gurasa, za su gidan ƙanwarta kamar yadda aka shirya.

"Ko shayi ba zan miƙa masa ba?" in ji Sabah. "Wane irin mutum ne wannan mai gadin jarrabawar? Ba uwa ta haife shi ba?"

"Ban sani ba. Ku tafi, mata, lokaci na ƙurewa."

Ɗakin Nadir ya koma kamar ɗakin asibiti. Gado, tebur, kujera, kwamfuta. Littattafan duk sun koma ƙarƙashin gadon iyayensa, an cire kalanda, an cire madubi. Garib ya iske shi a tsaye kan kujera yana sauke Ayatul Kursiyyu, wadda kakarsa ta rataya tun ranar sunansa.

"Har ita?"

"Rubutu ne, Baba. Mutumin ba ya jin Larabci. Duk abin da ya gani a bango amsa ce a wurinsa."

Garib ya karɓe ta da hannu biyu, ya dubi inda aka cire ta, wani farin murabba'i a jikin bangon da ya dafe. Abin bai kwanta masa ba, amma ya haɗiye.

"Ka sauka shago," in ji Nadir. "Kada ka hau sai na kira ka."

"Na ji."

"Ka yi mini addu'a."

"Da me kake zaton nake kwana nake tashi?"

Bayan sallar azahar Garib ya ɗauko kujera ya kafa a bakin layi. Babura masu ƙafa uku suka riƙa zuwa yana ɗaga musu hannu suna juyawa, wasu da ashar, wasu da addu'a. A hankali layin ya yi tsit, irin tsit ɗin da bai taɓa ji ba tun haihuwarsa. Har ƙarar fankar mai shayi yake ji daga can bakin titi. Hilmi na zaune a wurinsa yana jan carbi.

Sai ya rasa abin yi da hannuwansa. Duk jarrabawar da Nadir ya taɓa yi, daga firamare har ta gama sakandare, Garib na tsaye a ƙofar makaranta. Ba shi kaɗai ba, haka kowa ke yi. Iyaye maza da mata su jeru a jikin katanga cikin rana, kowa da ƙaramin Alƙur'aninsa, a yi ta karatu har a buga ƙararrawa. Wanda bai je ba, unguwa ce za ta ce bai damu da ɗansa ba. Yau ga yaro yana yin wadda ta fi duka, a ɗakin da ko aya ɗaya babu, uban kuma yana can yana korar babura.

Ya ce a ransa, ai ciki aka hana. Waje waje ne.

Ya cire takalma a ƙasan bene ya hau da safa. Ya buɗe ƙofar gida kamar ɓarawo, ya ɗauko Alƙur'ani, ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙofar ɗakin. Tsohuwar ƙofar katako ce, akwai tazarar yatsu uku tsakaninta da ƙasa. Yana jin ƙaramar ƙarar danne-dannen ɗansa. Hankalinsa ya ɗan kwanta. Ya buɗe Yasin.

Garib bai iya karatu a zuci ba. A gaban malamin masallaci ya koya, da baki, yana bin layi da yatsa. In leɓɓansa ba su motsa ba haruffan ba sa haɗuwa. Ya fara ƙasa-ƙasa, gunguni ne kawai a maƙogwaro, wanda a kowace rana keken ɗinkin Ummu Tamir kaɗai ya isa ya binne shi.

Can sai ya ji danne-dannen sun tsaya. Nadir ya yi tari.

Garib ya dakata ya kasa kunne. Yaron ya sake tari, mai ƙarfi, sannan ya buga ƙafa a ƙasa. Garib ya ɗago kai. Ya san wannan. Tun yana ƙarami in lissafi ya cije masa haka yake buga ƙafa. Wata tambaya ce ta tsaya masa, wataƙila ma cikin waɗanda ba su yi bitarsu ba. Ya matso da bakinsa jikin katakon, ya ɗaga murya kaɗan don ayoyin su kai.

An ƙwanƙwasa tebur sau biyu. Garib ya ƙara sauri, gumi na ɗiga a kan shafin.

"Baba!"

Kalma ɗaya, kamar an fizgo ta. Daga nan ba tari, ba danne-danne. Garib ya tsaya da yatsa a tsakiyar aya.

An daɗe kafin ƙofar ta buɗe, da ta buɗe kuwa har ya kusa faɗawa ciki. Nadir na tsaye a kansa. Bayansa kwamfutar tana nuna wani farin shafi da 'yan layukan Turanci.

"Ka gama? Da wuri haka?"

"An rufe."

"Wa ya rufe? Wuta ce? Ai na ce wa..."

"Mai gadin ne ya rubuto mini yana jin muryar wani namiji. Ya ce in bai daina ba zai rufe. Ba ni da ikon tashi, ba ni da ikon magana." Nadir bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi sauƙi. "Da na kira ka sai ya ce ga shi nan, ina magana da mai ba ni amsa."

"Amsa? Yasin ce! Kira shi. Kira shi in nuna masa littafin, ga shi a hannuna. Ni ko baƙi ɗaya na Turanci ban sani ba, ka gaya masa mai guga ne ni!"

"Ya tafi, Baba. Ba a kiransa."

"To gobe. A sake gobe. Zan sayar da dutsen gugar, zan tafi garin Zagazig in kwana a can, ba za ka ji ko motsina ba."

"Sun rubuta ni cikin masu satar amsa. Sai sun yi bincike, watanni ne." Ya dubi kwamfutar, ya dubi ubansa. "Na wuce rabi. Duk waɗanda muka yi ne. Har ɗaya, shida, sha ɗaya ta fito."

Garib na nan zaune a ƙasa. Nadir ya sunkuya ya karɓi Alƙur'anin daga hannunsa, ya sumbace shi, ya rufe, ya ɗora a kan kabad. Sannan ya sumbaci ubansa a ka, kamar yadda yake yi ranar idi.

"Kada ka gaya wa Mama yadda aka yi. Ka ce intanet ne ya yanke."

"Nadir, zauna mu yi magana."

"Zan ɗan sha iska."

Ya tsallake ƙafafun ubansa. Garib ya ga idon sawun yaron ya wuce daf da hannunsa, siriri, cikin silifa. Hannun bai motsa ba.

Da ya samu ya miƙe sai ya lallaɓa zuwa baranda. Layin na nan tsit yadda ya roƙa. Mata sun leƙo ta tagogi suna jiran a ce su rangaɗa guɗa, mai walda na zaune a kan bokiti da hannu a haɓa. Suka ga Nadir ya fito, suka ga fuskarsa, tagogin suka fara rufuwa ɗaya-ɗaya. Ya wuce kujerar da ubansa ya bari a bakin layi, ya tsallaka titi. Wa'il na can tare da Hilmi. Hilmi ya janyo kujera da ƙafa, bai ko ɗago kai ba.

Garib ya ɗaga tafukansa biyu, ya buɗe baki zai roƙa wa ɗansa tsari daga ruwa. Sai ya ji muryarsa ta fara fitowa a cikin shirun, ya yi maza ya rufe bakin.